Ruɓewar tumatirin Kura da Bunkure: A cikin ƙwayar halitta maganar take

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya tsakanin watan Janairu da Maris, da zarar ya wuce Kura ya doshi Kwanar Gafan, zai ga kwandunan tumatir jere iya ganin ido, manoma na ciniki da dillalai rai a ɓace, domin kowa ya san abin da bai samu shiga mota yau ba, jibi sai dai a zubar. Watanni kaɗan bayan haka kuma uwargida a Kano za ta nemi tumatirin miya da kuɗinta ta rasa. Shekara da shekaru muna tafka muhawara a kan wannan al'amari, ana zargin hanya, ana zargin dillalai, ana zargin gwamnati, kuma kowanne yana da nasa kason laifin. To amma ni yau ina so mai karatu ya ba ni aron hankalinsa mu gangara can ƙasa, inda ido ba ya gani, wato cikin ƙwayar halittar da aka gina tumatirin da ita. A ganina, rabin asarar da ake yi a wannan yanki an rubuta bayaninta a littafin Bayoloji na aji ɗaya na babbar sakandare, mun haddace shi mun ci jarrabawa, sannan muka bar shi a aji.

Ruwan da ke shayar da gonakin Kura, Bunkure da Garun Malam daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka kammala a 1974 zamanin mulkin Gwamna Audu Bako. Yana gangarowa ta manyan magudanai zuwa ƙanana har ya isa kan kunya. Injiniyoyi a nan aikinsu ya ƙare. Daga bakin saiwa zuwa cikin ganye kuwa, wani tsarin rabon ruwa ne na daban, wanda ƙwayoyin halitta ke gudanarwa. Kowace ƙwaya ta tsiro girmanta bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari zuwa kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Baturen Ingila Robert Hooke ne ya fara ganin ɗakunanta a 1665, lokacin da ya yanki ɓawon itace ya sa a madubin ƙara girman abu, sai kuma a 1838 da 1839 Jamusawa biyu, Schleiden da Schwann, suka tabbatar cewa tsirrai da dabbobi duk da irin waɗannan ƙwayoyi aka gina su.

Ƙwayar tsiro tana da katanga mai tauri daga waje, a cikinta kuma akwai wani siririn tantani wanda shi ne mai gadin ƙofa, yana zaɓar abin da zai shiga da abin da zai fita. A tsakiya akwai wata salkar ruwa da masana ke kira bakiyul, wadda kan cinye har kashi 90 cikin 100 na cikin ƙwayar da ta girma. Idan salkar ta cika ta tokare katanga, sai ganye ya miƙe, tumatir ya yi tauri a hannu. Idan ta saki, shi ne yaushin da muke gani da rana tsaka. Abin lura a nan shi ne, ruwa kullum yana bin ɓangaren da gishiri ya fi yawa. Muddin cikin saiwa ya fi ƙasa gishiri, ruwa zai shiga. Amma a gonar da aka shekara ana ba ta ruwa ba tare da hanyar tsanewa ba, rana na ƙafar da ruwan tana barin gishiri da kanwa a sama, sai lissafin ya juye: tsiro na tsaye cikin laima amma ƙishirwa na kashe shi. Manomin da ya ga haka yakan ƙara ruwa, ko ya ƙara taki, alhali takin zamani shi ma gishiri ne a wajen saiwa. Wannan ne dalilin da ya sa yashe magudanar fitar da ruwa yake da muhimmanci daidai da magudanar kawo shi, kodayake ba a cika yanka kintinkiri a kanta ba.

Akwai kuma illa ta biyu ga gonar da ruwa ya kwanta. A cikin kowace ƙwaya akwai wasu ƙananan sassa da ake kira mitokondiriya, waɗanda su ne murhun ƙwayar: suna ƙona sukari da iskar oksijin su fitar da ƙarfin da ake aiki da shi. Saiwa ma numfashi take yi. Idan ruwa ya cike ramukan iskar da ke cikin ƙasa, murhun ya mutu, saiwar tumatir ko ta albasa ta fara ruɓewa cikin kwanaki. Shinkafa ta tsira daga wannan ne saboda tana da hanyoyin iska a cikin kara da saiwa, waɗanda ke saukar da oksijin daga sama. Saboda haka fadamar da ta yi wa shinkafa daɗi da damina, tana iya zama kabarin tumatir da rani idan ba ta tsane ba.

Sashen da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kuloroflas, koren ɗakin girkin da ke cikin ƙwayoyin ganye, gommai a kowace ƙwaya. A nan ne ake haɗa hasken rana da ruwa da iskar kabon a samar da sukari, kuma duk buhun shinkafar da aka sheme a Kura daga nan ya faro. Koren launin nan, wato kulorofil, da naitirojin aka gina shi, da maganiziyam a tsakiyarsa, shi ya sa gonar da ta rasa takin yuriya take fara rawaya daga tsofaffin ganyaye.

A cikin wannan ɗaki akwai wani sinadari mai suna Rubisco, wanda aikinsa kama iskar kabon. Yana da rauni guda: idan zafi ya tsananta, yakan riƙa kama oksijin a maimakon kabon, tsiro ya yi asarar abin da ya tara. Alkama da shinkafa da tumatir duk suna fama da wannan rauni. Dawa da gero da masara da rake kuwa sun samu mafita, wadda masana biyu, Hatch da Slack, suka bayyana a Ostireliya a 1966. Ganyensu ya raba aikin tsakanin ƙwayoyi iri biyu: na waje su tattaro kabon, su tura shi ga wasu da ke kewaye da jijiyar ganye, inda Rubisco ke zaune cikin yalwar kabon ba ya kuskure. Ashe kakanninmu da suka riƙe gero da dawa a wannan ƙasa mai zafi sun zaɓi abin da ya dace da ita tun kafin a san sunan kuloroflas. Haka kuma, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama a 1987 aka dukufa noman ta a Kadawa da kewaye, abin da ya yi ta yanke wa manoma hukunci shi ne tsawon hunturu. Wanda ya makara da shuka, zafin Maris ya riski alkamarsa tana cika ido, sai ya girbe ƙwaya shafal. Babu dokar da za ta canza wannan. Tun 2008 cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke ƙasar Filifin ta ƙaddamar da yunƙurin dasa wa shinkafa irin tsarin masara, kuma har yau irin bai iso hannun manomi ba, wanda ke nuna girman wahalar aikin.

Mu dawo kan kwandon Kwanar Gafan. Ɗanyen tumatir kore ne saboda ƙwayoyinsa na ɗauke da kuloroflas. Idan ya fara nuna, yakan fitar da wata iska mai suna etilin, ita ce ke ba da umarni. Kuloroflas ɗin nan su rikiɗe su koma ma'ajiyar jan launi da ake kira laikofin, sannan wasu sinadarai su fara narkar da fektin, wato ƙaron da ke manne katangar wata ƙwaya da ta maƙwabciyarta. Taushin da uwargida ke so a miya shi ne farkon rushewar ginin. Kuma tumatirin da aka tsinke bai mutu ba, mitokondiriyarsa na ci gaba da ƙona sukarin da ya tara, ba tare da uwa mai ƙara masa ba. Duk ƙarin zafi na digiri 10 yana ninka saurin wannan ƙuna sau biyu ko fiye. Yanzu a auna: an tsinke shi da hantsi, ya yini a rana, an danna shi cikin kwandon da tsinkensa ke huda fata, an ɗora kwando kan kwando, sannan a kama tafiyar kimanin kilomita 1,000 zuwa kasuwar Mile 12 a Legas. Kowane rauni na fasa ƙwayoyi, ruwan salka ya tsiyaye, etilin ta ƙaru, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. Tsinka da sanyin asuba, rumfa mai inuwa, da akwatin roba mai ramukan iska wanda ba ya danne na ƙasa, ba ƙyale-ƙyalen Turawa ba ne, kowannensu yana rage wa ƙwaya wani nauyi da za a iya aunawa. Sai dai a kula, sanyi ma idan ya yi yawa illa ne: ƙasa da digiri 10 tantanin ƙwayar tumatir yakan sandare ya lalace, ɗanɗano ya tafi. Mai niyyar gina ɗakin sanyi a Kura ya san ba na kifi zai gina ba.

A 2016, shekarar da kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir a Kadawa, tsutsar nan Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta afka wa gonakin Arewa har farashi ya yi tashin gwauron zabo a duk faɗin ƙasa. Dalilin da ya sa feshi ya yi ta gaza mata shi ne wurin zamanta. Tana shiga tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa, ta cinye ƙwayoyin tsakiya masu ɗauke da kuloroflas, ta bar fatar a matsayin laima. Manomi na zuba magani a kan rufi, ɓarawo na cikin ɗaki.

Maganar feshi ta kawo ni ga abin da ya fi damuna. Maganin ciyawar nan farakwat, wanda aka fi sani da Gramoxone, yana aiki ne ta hanyar sace wutar da kuloroflas ke tarawa daga rana ya miƙa wa oksijin, sai a samu wata guba mai yayyaga tantanin ƙwaya, shi ya sa ciyawa ke ƙonewa cikin yini guda idan rana ta buɗe. A jikin mutum, huhu ne ke tara shi, ya yi wa ƙwayoyinsa irin wannan ɓarna, kuma ba shi da makari. Tarayyar Turai ta daina amincewa da shi tun 2007. Na sha ganin matasa na feshin magungunan ciyawa ba takalmi ba abin rufe hanci, wani ma ya ɗauraye tankin a magudanar da yara ke wanka. Ina da yaƙinin wanda aka nuna wa yadda tantani ke fashewa, ba zai sake zuba ragowar magani a gorar lemo ya ajiye a ɗaki ba.

Wani abin mamaki kuma, a 1967 wata masaniya Ba'amurkiya, Lynn Margulis, ta kafa hujjar cewa mitokondiriya da kuloroflas asalinsu ƙwayoyin bakteriya ne masu zaman kansu, waɗanda wata babbar ƙwaya ta haɗiye suka zauna a cikinta. An yi mata ca a lokacin, amma yau magana ta tabbata, domin dukansu suna da nasu DNA daban da na cibiyar ƙwaya. Na mitokondiriya ma daga uwa kaɗai ɗan Adam ke gadonsa, sai dangin uba su yi haƙuri. A 1996 kuma aka gano cewa ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro, wadda ruwan da ke kwance a gonakin shinkafa ke raya saurayen da ke yaɗa ta, tana ɗauke da ragowar wani tsohon kuloroflas da ya daina girki amma ba ta iya rayuwa ba tare da shi ba. Maganin doksisaikilin a nan yake kama ta.

Tashar binciken noman rani ta Kadawa, wadda ke ƙarƙashin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello, tana tsakiyar waɗannan gonaki, ga jami'o'i a Kano da Wudil. Duk da haka na zanta da ɗalibai 'ya'yan manoma da suka iya zana ƙwayar tsiro da sunayen sassanta goma da Turanci, amma ba su taɓa leƙa madubin ƙara girma ba, balle su danganta zanen da yaushin da suke gani a gonar mahaifinsu. Ina kira ga masu tsara manhaja da malaman gona da su fara bayar da wannan darasi da Hausa, a bakin kunya. Kuɗin ba shi da yawa: a 2014 Manu Prakash na Jami'ar Stanford ya fito da madubin takarda mai suna Foldscope, wanda kayan haɗa shi ba su kai dala ɗaya ba. Albasa kuwa Kura ba ta rasa ta. A ɓare siririyar fatar cikin jar albasa a shimfiɗa a gilashi, yaro zai ga ɗakuna jere kamar tubalin gini. A ɗiga mata ruwan gishiri, cikin 'yan mintuna zai ga jan ruwan ya tsuke ya janye daga katanga.