Lambobi Uku da Alamar da Ke Gabansu

Koyon kwamfuta ba baƙon abu ba ne a Kafanchan. Gidauniyar Fantsuam, da aka kafa a 1996, ta daɗe tana horar da matasa a unguwar Bayan Loco, har ta shimfiɗa intanet marar waya mai suna ZittNet tun samun layi a karkara yana da wuya. A ce yau wani matashi daga can ya rubuta wa ƙungiyar masu sayar da citta manhajar ajiye lissafi. Abin da ya rubuta da hannunsa kaɗan ne, sauran duk aro ne: ƙunshi ɗaya na lissafin kwanan wata, wani na buga rasit, wani na tura saƙo. Yana ɗebo su kyauta daga rumbun npm, kowanne kuma ya jingina da wasu ƙunsoshin da bai taɓa jin sunansu ba.

Kowane ƙunshi yana da lambar siga mai gida uku, misali 1.4.2. Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub, shi ya rubuta ƙa'idar da yawanci ake bi. Lambar ƙarshe tana ƙaruwa idan an gyara kuskure. Ta tsakiya tana ƙaruwa idan an ƙara sabon abu ba tare da taɓa tsohon ba. Ta farko kuwa gargaɗi ce: an sauya tsari, aikinka na iya tsayawa.

To, a fayil ɗin package.json, inda ake jera ƙunsoshin da manhajar ke buƙata, matashin bai cika rubuta lambar tsirara ba. Idan ya sa ~1.4.2, ya yarda da gyare-gyare kawai, kada a kai 1.5.0. Idan ya sa ^1.4.2, ya buɗe ƙofa ga duk abin da ya fito ƙasa da 2.0.0. Wannan ta biyun ita npm ke saka masa da kanta, ko ya lura ko bai lura ba. Akwai tarko ɗaya: ƙunshin da lambarsa ta fara da sifili ana ɗaukarsa bai nuna ba tukuna, don haka ^0.3.1 ba ya kaiwa 0.4.0.

Nan ne sabon shiga yake ruɗewa. Ya ji an fitar da siga 2.1.0, ya buga npm update, ya kashe data, ya duba ya tarar har yanzu yana kan 1.9. Ba na'urar ce ta yi gardama ba, iyakar da ya shata ta bi. Umarnin npm outdated zai jera masa abu uku: sigar da ke kansa, wadda iyakarsa ta yarda da ita, da sabuwa fil. Tsallakawa zuwa ta ukun sai ya sauya lambar da hannunsa, ya karanta bayanin sauye-sauye, ya gwada.

Sai dai duk tsarin nan amana ce, amana kuwa a hannun mutum take. A Janairun 2022 marubucin ƙunshin colors ya fitar da siga 1.4.1 da ya lalata da gangan, tana ta zubo haruffa marasa ma'ana ba tsayawa. A lamba gyara ne ƙarami, don haka duk mai ^1.4.0 da ya girka a lokacin ya kwaso ta. Waɗanda suka tsira su ne masu package-lock.json, fayil ɗin kulle da ya zo da npm 5 a 2017, wanda ke rubuta ainihin sigar kowane ƙunshi, har da na jikoki da tattaɓa kunne.

Kulle komai a manta da shi ma ba mafita ba ne. A Disamban 2021 aka bayyana ɓaraka a Log4j, ƙunshin Java da ke kwance cikin dubban manhajoji, kamfanoni da yawa ba su ma san suna ɗauke da shi ba sai da aka fara kutse.

A ganina, inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, data kuma da tsada, gara a sabunta ƙunshi ɗaya, a gwada buga rasit ɗin buhun citta, a adana fayil ɗin kulle, sannan a taɓa na gaba. Ranar girka manhajar a kwamfutar ƙungiyar kuma a yi amfani da npm ci, domin shi ba ya zaɓen siga, abin da ke cikin fayil ɗin kulle kawai yake saukewa.