Ruwan da Ba Ya Shiga Sai Iska Ta Kaɗa

Jirgin ba shi da huda. Kafinta ya duba ya yarda, mai gyaran bodi ya yarda, masuntan dam ɗin Gubi ma da suka kifa shi suka bi shi da ƙwanƙwasa sun yarda. A tuƙa shi da filafili tun hantsi har azahar, cikinsa a bushe ƙayau. Amma da zarar an ɗaga ƙyalle iska ta cika shi, kafin a kai tsakiyar ruwa sai mutum ya ji sanyi a tafin ƙafa, can an jima a koma kwarfa da gwangwani. A sauke ƙyalle, ruwa ya tsaya cak. Wani direban Kawu ya ce a nemi malami kawai, don dam ba ya rasa masu shi. Kawu, mai jirgin, ya ce a bari tukuna a gama da masu guduma.

Kafin wannan damuwa ma sai da aka sha wata, ta gane ko mene ne abin. Kawu ya sayi wani tsohon gida a GRA, irin gidajen nan masu dogon baranda, ya tarar da jirgin a gareji bisa 'yar tirela mai taya biyu da suka daɗe da sacewa. Tsawonsa mita 3 da ɗan ɗoriya, mutum biyu na iya ɗaga shi. Hancinsa ba tsini, a daddatse yake. A cikinsa akwai sanduna uku, babu wadda ta fi jirgin tsawo, da wani allo mai santsi, da tsumman jan ƙyalle da ɓera ya yi wa aiki. A tsakiyar ƙasansa kuma ga wani siririn akwati a tsaye, buɗe sama da ƙasa, in ka leƙa ta cikinsa kana hango simintin gareji.

Baba kafinta, wanda ya shekara arba'in yana ƙofa da silin a Bauchi, ya kankare fenti a wata kusurwa da bakin kurfi, ya tsaya yana kallo. "Malam," ya ce da ni, "wannan ai ba kafinta ya yi shi ba, tela ne." A ƙarƙashin fentin, duk inda falle biyu na filawud suka haɗu, ɗinki ne na jar waya, an bi samansa da ƙyallen faiba da gam.

Ɗinkin nan da jan ƙyallen su suka tona asirinsa. Sunan irinsa Mirror. A 1962 aka zana shi a Ingila, aikin Barry Bucknell, mai koya wa jama'a gyaran gida a talabijin ɗin BBC, da Jack Holt, gwanin zana ƙananan jirage. Jaridar Daily Mirror ce ta ɗauki nauyinsa, shi ya sa ƙyallensa ja, launin tambarin jaridar. Manufarsu jirgin da ma'aikaci zai saya a yayyanke, ya harhaɗa a gida ba tare da ya ƙware a sassaƙa ba, ya ɗora a kan mota ya tafi ruwa ranar hutu. An yi sama da 70,000. Don a iya ɗora shi a mota ne sandunan suka zama gajeru: jigo ne guntu, sai sanda ta biyu da ake ja da igiya ta miƙe a jikinsa ta ƙara masa tsawo, ta ukun kuma ta riƙe gindin ƙyalle. In an gama, duka su kwanta a cikin jirgi.

Masu cewa jirgin iska baƙon abu ne a ƙasarmu ba su yi ƙarya ba, amma ba yau ya fara zuwa ba. A 1850 ayarin Richardson da Barth da Overweg ya taso daga Tarabulus da jirgi a gutsuttsure bisa raƙuma, aka ratsa Sahara da shi, aka harhaɗa shi a bakin tafkin Chadi a 1851, Overweg ya zaga tsibiran Buduma a cikinsa. Namu dai taya biyu kawai yake nema.

Allon nan mai santsi, Baba ya sa masa suna wuƙa, akwatin kuma kube, haka muka ci gaba da kiransu. Ana zura wuƙar ta cikin kube ta leƙa ƙarƙashin jirgi. Ita ce ke hana iska tura jirgi a kaikaice. In babu ita, ba za a taɓa iya tunkarar inda iska ke fitowa ba. Ƙyallen kuwa wani tela mai ɗinkin tampol da rumfa a kasuwar Muda Lawal ya warware tsohon, ya shimfiɗa guntayen ya kwaikwaya. Shi ya lura cewa gefunan fallayen ba a miƙe aka yanka su ba, suna da ɗan lanƙwasa, don in an haɗa ƙyallen ya yi tumbi. Da mun ba shi awo kawai, da labule zai ɗinka mana. Wayoyi uku masu riƙe jigo, ɗaya gaba biyu gefe, sai daga Legas aka samo irin wadda ba ta tsatsa.

To, sai ga maganar ruwa.

Abin da kowane mai kwale-kwale zai fara yi shi muka yi: aka bar jirgin a kan tudu, aka zuba masa ruwa, aka tsuguna ana duban ƙasa. Ba a cika shi ba, don lita ɗaya kilo ɗaya ce, filawud ɗin kuwa bai fi milimita 5 ko 6 ba. A cika shi a kan tirela, sai a haifar da hudar da ake nema. An wuni, ko ɗigo.

Sai aka zargi hancin. Tun da a daddatse yake, yana marin ruwa, feshi na faɗowa ciki. Zargin ya yi kama da gaskiya, domin da hunturu iskar arewa maso gabas takan tayar da ƙananan igiyoyi a Gubi, kuma lokacin ne ake ɗaga ƙyalle. Aka rufe gaban da tampol, aka cusa soso a bakin kube saboda tsalle da ruwa kan yi ta nan. Rigunanmu suka daina jiƙa, ƙafafu ba su daina ba.

Na uku, ɗakunan iska. Jirgin yana da rufaffun ɗakuna a gaba da baya da gefe biyu, waɗanda ke hana shi nutsewa in ya kife. Mai gyaran bodi ya ce wataƙila ɗaya na shan ruwa daga waje, in jirgi ya karkata ya amayar ciki. Ya kawo famfon keke, ya hura iska kaɗan ta ramin toshiya, ya bi duk haɗin da ruwan sabulu. An samu kumfa a wuri guda, can sama inda ruwa ba ya kai, aka liƙe. Ɗakunan kansu a bushe suke, sai warin tsohon katako.

A nan Kawu ya fara maganar mayar da shi gareji. Wanda ya hana shi wani dattijon masunci ne, da ba ya ce mana komai sai "sannunku da aiki" in mun wuce. Ya kira ni gefe.

"Yaro, na ga in kun nufi wancan dutsen ba ka cika kwarfa ba. In kun juyo ne hannunka ba ya hutawa."

"Baba, ai ruwan da ya taru ne a tafiya."

"A'a. Ruwa ba ya tsami banza. Ka lura da gefen da iska take."

Gaskiyarsa. In iska na bugowa daga dama, ruwan kaɗan ne. In ta koma hagu, ya ninka. Huda ba ta san dama da hagu ba. Abin da ya san su sai abin da ake murɗawa. Dattijon ya ce a shanya jirgin sosai, a barbaɗa toka a duk ƙasansa, a fita, kowa ya naɗe ƙafa ya zuba ido. Muka sa rigunan kariya, ɗan Kawu ya riƙe akala, ni na durƙusa. Muna juyawa iska ta kama ƙyalle daga hagu, sai ga wani baƙin layi ya tsaga tokar, siriri, ya taso daga gindin kube, daidai inda ya haɗu da ƙasan jirgi. Na ɗora hannu a kan kuben. Yana motsi. Ba da yawa ba, kamar faɗin farce, amma yana motsi, kuma in iska ta lafa sai ya koma mazauninsa.

Daga nan lissafin ya fito. Iska na tura ƙyalle gefe guda, ruwa na tura wuƙa ɗaya gefen, duk wannan kokawa a jikin kube take ƙarewa. Wuƙar ta zama abin ɓanɓara, tana buɗe wata tsaga a gindinsa muddin akwai iska, tana sakinta in babu. Shi ya sa a kan tudu ba a ga komai ba, da filafili ma haka: tsagar a rufe take ruf. Gefen da tsohon faiba ya fi sakin katako kuwa, shi ya fi sha.

Mai gyaran bodi ya so a dama gam a shafe wurin nan take. Baba kafinta ya ƙi. "Malam, gam ba ya riƙe abin da ke rawa. Waɗanda suka yi dubu saba'in ba za su bar shi tsaye shi kaɗai ba. Akwai abin da ke dafa masa kai." Ya bi bangon ɗakunan gefe da yatsa, ya tsaya. A kowane gefe, daura da kan kuben, ga ramukan sukuru an cike su da fenti, ga kuma inuwar wani katako da ya taɓa zama a wurin. Benci ne ya ratsa jirgin daga gefe zuwa gefe. Mu da ba mu taɓa ganin irinsa cikakke ba, ba mu san ya ɓata ba. Kuma ba don zama kaɗai aka yi shi ba. Shi ke ɗaure kan kube, ya raba nauyin wuƙa ga jikin jirgi duka.

Ba a yi nisa wajen nemansa ba. A bangon garejin akwai wata kanta da gwangwanayen fenti a kai, katakonta ya fi ƙarfin aikin da aka ba shi, gefunansa biyu a sassaƙe suke a karkace. Baba ya sauke ta ya kai jirgi, ramukan sukuru suka hau kan juna. Wani mai gadi ko mai haya, a wata shekara, ya buƙaci kanta.

Gyaran bai kai binciken wuya ba, sai dai yana son haƙuri. Aka kankare tsohon faiba a gindin kube ciki da waje har katako ya fito fari, aka bar shi ya sha iskar hunturu, don gam ba ya kama danshi. Inda ruwa ya ɓata filawud aka yanke aka yi ƙari. Maimakon gam ɗin faiba da ake gyaran bamba da shi, aka sa mai haɗi biyu irin Araldite, mai jinkirin bushewa, wanda ya fi kama itace. A zafin Bauchi da sassafe ake dama shi, kaɗan-kaɗan, in ba haka ba ya daskare a gwangwani. Aka yi masa kauri da garin katako aka cike kusurwar, aka bi da faiba falle biyu. Benci ya koma wurinsa da sababbin sukurori na tagulla. Mai walda ya ƙara wa tirela matashi biyu masu roba, saboda ramukan hanya kada su ci gaba da dukan wuri guda, aka kuma ɗaga gabanta a gareji aka lulluɓe, don ruwan sama da ya kwanta a ciki ya fi na dam ruɓar da jirgi.

Aka sake barbaɗa toka aka fita, dama da hagu, ta dawo fara. Dattijon bai yi mana barka ba. Wuƙar ya zaro yana juyawa a hannu, yana tambayar ko za a iya yi wa kwale-kwalensa irinta. Baba ya ce ba zai huda masa jirgi ba, amma zai rataya masa ɗaya a gefe da ƙarfen walda, in ya kawo katakon maɗaci busasshe.