Ja, Baƙi da Shuɗi a Cikin Fanel: Me Ya Tabbata, Me Ake Faɗa Kawai?

Darasin farko da oga ke cusa wa yaron da ya zo koyon aikin wuta shi ne ja fozitif, baƙi negatif. A batirin mota da na sola maganar daidai take, shi ya sa ta zauna a kan mutane har ta zama kamar doka. Tana fara wargajewa ne ranar da aka kira mutum masana'anta a Sharaɗa ko Bompai ko Challawa a Kano, ya buɗe fanel ɗin injin casar shinkafa ko na buga leda da aka shigo da shi daga Jamus ko Italiya, ya tarar shuɗɗan wayoyi sun cika ko'ina.

Yawancin masu ƙera injuna a Turai suna bin ƙa'idar IEC 60204-1, wadda ta tsara lantarkin injunan masana'antu. A tsarinta, baƙar waya ta babbar wuta ce, wadda ke zuwa moto da hita, ko AC ce ko DC. Jar waya ta wutar sarrafawa ce ta AC, irin 110 ko 230 volt da ke fitowa daga ƙaramin taransifoma zuwa kwantakta. Shuɗiya kuwa ta wutar sarrafawa ce ta DC, wadda a yau kusan kullum 24 volt ce. Amurkawa a ƙa'idarsu ta NFPA 79 haka suka raba waɗannan launuka uku. Ke nan wayar da yaronmu ya ɗauka negatif ce marar cizo, ita ce mai ɗauke da 415 volt tsakaninta da 'yar'uwarta. Jar da ya zaci ɗan fozitif ne kuma tana iya jefar da shi ƙasa.

Akwai ma inda ja take negatif kai tsaye. Tamokoful, wato wayar auna zafi da ke jikin injin narka roba, idan tsarin Amurka aka bi, nau'in K yana da rawaya a fozitif da ja a negatif. Nau'in J kuma fara da ja, jan dai shi ne negatif. A tsarin IEC, nau'in K kore ne da fari. Wanda ya juya su zai ga lamba tana sauka alhali zafi hawa yake yi, na'urar kuma ta ci gaba da hura hita tana zaton har yanzu da sanyi, har kaya ya ƙone.

Jita-jita ta biyu ta fi ta farko haɗari, domin da ƙamshin gaskiya a jikinta: wai shuɗiya nutiral ce, ba ta da komai. Gaskiya ne ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ware shuɗi mai haske domin nutiral, kuma mutanen Nijar da suka gaji tsarin Faransa sun daɗe da sanin haka. Amma a fanel guda a Kano ana iya samun shuɗi iri huɗu, kowanne da aikinsa. Babban kebul da ya shigo daga taransifoman masana'anta sau da yawa tsohon tsarin Ingila yake bi: ja, rawaya da shuɗi su ne layuka uku masu wuta, baƙi shi ne nutiral. Ingila ta fara barin wannan tsari a 2004, ta rufe shi a 2006, ta koma ruwan ƙasa da baƙi da ruwan toka, shuɗi ya zama nutiral; mu kuwa tsofaffin launukan suna nan cikin gine-gine da kasuwa. Wannan shuɗin na farko cikakkiyar wuta ce. Na biyu shi ne nutiral ɗin injin da kansa, mai haske. Na uku shi ne na 24 volt, wanda maƙera suka saba zaɓar mai duhu don kada ya rikice da nutiral, kodayake ƙa'idar shuɗi kawai ta ce. Na huɗu yana cikin siririn kebul ɗin sensa, inda yake nufin negatif. A matatun mai da wuraren gas akwai na biyar: shuɗi mai haske a kan wayoyin da aka taƙaita wutarsu don kada su yi tartsatsi. Ƙura da mai da shekaru kuma ba sa barin mai duhu da mai haske su bambanta sosai a ido.

Ko a cikin 24 volt ɗin, launin bai gaya maka wanne ne fozitif ba. IEC 60204-1 ta ba wa da'irar gaba ɗaya shuɗi, kai da komowa. Maƙera da yawa a Turai sukan yi wa negatif shuɗi mai ratsin fari, amma al'ada ce. Amurkawa sun fi fayyacewa: wayar DC da aka haɗa da ƙasa fara ce mai ratsin shuɗi. A kula, shuɗi mai ratsin fari da fari mai ratsin shuɗi ba abu ɗaya ba ne.

Batun sensa ya cancanci a tsaya a kansa, don nan ne kuɗi ke ƙonewa. Sensar zamani mai waya uku ko huɗu tana bin IEC 60947-5-2: ruwan ƙasa fozitif, shuɗi negatif, baƙi shi ne siginar da ke tafiya zuwa PLC, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, fari sigina ta biyu. Tsofaffin sensocin Japan kuwa ja ne fozitif, baƙi negatif, fari sigina. Mai gyaran da ya ciro tsohuwa ya sa sabuwa, ya haɗa baƙi inda baƙi yake, ya kai wayar sigina kan negatif ke nan. Idan sensar PNP ce, wato mai fitar da fozitif a wayar sigina, tana kunnawa ta yi shot. Mai kariya a ciki ta ƙi aiki, marar kariya ta mutu. Daga nan sai a ce kayan Sabon Gari jabu ne, alhali hannun da ya ɗaura ne ya kashe ta.

Wasu kuma sun wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren. Sun ji labarin ƙa'ida, sai suka ce duk injin da wayoyin DC ɗinsa ba shuɗɗa ba ne ya karya doka, ko kuma aikin banza ne. Wannan ba haka yake ba. Rabon baƙi da ja da shuɗi shawara ce a IEC 60204-1, ba tilas ba. Abin da ta wajabta shi ne a iya gane kowace waya a bakinta daidai da zanen injin, ko da lamba, ko da harafi, ko da launi. Fanel da aka yi wa waya baƙa ƙirin daga sama har ƙasa, kowace da lambarta, bai saɓa komai ba. Launin da aka killace ba wasa shi ne kore da rawaya a haɗe, na wayar at, wato wadda ke haɗa jikin inji da ƙasa: ba a yarda a yi wani aiki da shi ba, har an ƙayyade cewa ɗaya launin kada ya gaza kashi 30 ko ya wuce kashi 70 cikin ɗari.

Shi ma zancen wai injunan Sin ba su da tsari, son kai ne kawai. Ƙa'idarsu ta GB/T 5226.1 daga ta IEC aka ɗauko ta. Abin da ya kamata a ji tsoro daban ne: layukan wuta uku a Sin rawaya, kore da ja ne. Kore zalla, wanda Ba'amurke da tsohon ma'aikacinmu suka sani a matsayin at, a can layi ne mai wuta. Ni a ganina wannan ya fi duk sauran rikicin launi muni, domin at ce wayar da kowa ke kamawa ba tare da tunani ba.

"Na kashe babban makunni, ba sauran wuta." Wayar ruwan lemo ita ce ke ƙaryata wannan. An ware ta ne domin da'irar da ba ta mutuwa idan an kashe injin: wutar da ta zo daga wani inji na kusa, ko fitilar fanel da soket ɗinsa da aka ɗauko kafin makunni. A tsofaffin injunan Amurka rawaya ce ke wannan aiki. Sannan inbatar da ke sarrafa gudun moto tana riƙe DC kusan 580 volt a kafasitocinta idan wutar shiga 415 ce, kuma takan ɗauki mintuna kafin ta sauke. Lokacin jira a rubuce yake a jikinta.

To, 24 volt ba ta kisa? Ta fuskar jan wuta, a busasshen hannu, gaskiya ne. Amma ita ce ke ba injin umarni. Bakin sukudireba ya gitta tsakanin fozitif da wayar kwantakta, bel ya tashi da hannun wani a ciki. Shi ya sa a yawancin injuna ake haɗa negatif da ƙasa, a ɗaura koyil ɗin rile a wannan ɓangaren: idan waya ta goge ta taɓa ƙarfe, fis ne zai tsinke maimakon inji ya tashi da kansa. Mai gyaran da ya cire wannan haɗin don fis ya daina damunsa, kariyar ya cire.

Testar sukudireba mai ƙwan niyon ba ta da amfani a nan, don 24 volt ba ta isa kunna ta ba. Mita ake sawa, a gwada ta a wuta sananniya tukuna, a auna DC a auna AC, a bi lambar waya cikin zane. A injin da ya yi shekara ashirin yana hannun masu gyara, wanda kowa ya ɗaura guntun wayar da ya samu a jakarsa, launin maƙeri ya riga ya gauraye da na wasu. Idan wayar da ta dace ba ta samu ba, a sa lambar tsohuwar a bakin sabuwa, gaba da baya, a kuma rubuta canjin a zanen da ke cikin ƙofar fanel.