Yawon keke a Alpujarra: abin da ya kamata ku sani

A kudancin Sifaniya, tsakanin tsaunukan Sierra Nevada da gaɓar Bahar Rum, akwai wani yanki na ƙauyuka da kwazazzabai da ake kira Alpujarra. Mutanen wurin suna furta sunan kamar "Alfuharra". Rabinsa yana lardin Granada, ɗaya rabin yana lardin Almeria, duk a cikin Andalusiya. Masu hawan keken tsere daga ƙasashen Turai suna zuwa can saboda dalilai uku: kwalta mai kyau, ƙarancin motoci, da hawan da ba ya ƙarewa. Wanda ke tunanin zuwa, ko wanda ke son sanin yadda wurin yake kawai, ya fara riƙe abu ɗaya: a Alpujarra ba a auna tafiya da nisa, da tsayi ake auna ta. Kilomita 30 da mutum zai share cikin awa ɗaya a shimfiɗaɗɗiyar hanya, a can za ta iya cinye masa safiya guda.

Ƙofar yankin ta yamma ita ce Lanjaron, garin da ke da nisan kusan kilomita 50 daga birnin Granada, wanda ruwan kwalbarsa ya yi suna a duk faɗin Sifaniya. Daga nan hanya mai lamba A-348 tana gangarawa zuwa Orgiva, babban garin wannan ɓangare, mai tsayin kimanin mita 450 daga teku. Kasuwarsa tana ci ranar Alhamis. Nan ya fi dacewa baƙo ya sauka, domin duk manyan hanyoyi a nan suke haɗuwa.

Hanyar da kowa ke zuwa dominta ita ce A-4132. Tana tashi daga Orgiva, tana lanƙwashewa kwana bayan kwana a jikin dutse, har ta shiga kwazazzabon Poqueira, inda ƙauyuka uku farare fat suke rataye ɗaya bisa ɗaya. Na ƙasa Pampaneira, ya ɗan haura mita 1,000. Na tsakiya Bubion, wajen mita 1,300. Na sama Capileira, mita 1,436. Ke nan daga Orgiva zuwa Capileira mai keke zai hau kusan mita dubu cikin tafiyar da ba ta wuce kilomita 20 ba sosai. Hawan ba na kisa ba ne. Ba ya miƙewa tsaye, sai dai ba ya sassautawa. Wanda ya taso da gudu a kilomita biyar na farko, kafin ya hango Pampaneira ƙafafunsa sun fara rawa. Gasar keke mafi girma a ƙasar, Vuelta a España, ta kammala ɗaya daga cikin zangunanta a Capileira a shekarar 2015.

Wanda ke da sauran ƙarfi sai ya sauko ya koma kan A-4132, ya bi ta Pitres da Portugos da Busquistar har Trevelez, mai tsayin mita 1,476, ɗaya daga cikin ƙauyuka mafi tsayi a Sifaniya. Kusa da Portugos akwai wata maɓuɓɓuga mai ɗanɗanon ƙarfe wadda ruwanta ya rina duwatsun wurin ja. Ta cancanci a jingine keke a ɗanɗana. Daga Trevelez ana iya zagayowa ta Juviles da Berchules a sauko Cadiar, sannan a biyo kwarin kogin Guadalfeo ta Torvizcon a dawo Orgiva. Zagayen ya kai kilomita 90 da ɗoriya, kuma yini guda ne cur ga mai matsakaicin ƙarfi. Akwai wasu hanyoyin: ta kudu ana hawa tsaunin Contraviesa, inda daga sama ake hango teku, ta gabas kuma mashigar La Ragua tana tsallaka Sierra Nevada a tsayin kusan mita 2,000.

To, amma abin da ya sa nake ganin keke ya fi mota a wannan yanki ba motsa jini ba ne. Mai keke a kan hawa yana tafiya da saurin da bai fi sassarfa ba, saboda haka yana jin abin da mai mota ba ya ji: ƙarar ruwa. Kusan ko'ina a gefen hanya akwai wata 'yar magudana tana bin jikin dutse. Sunanta a Sifaniyanci acequia, daga kalmar Larabci as-saƙiya. Manoman zamanin mulkin Musulmi a Andalus ne suka shimfiɗa wannan tsari, kuma har yau da shi ake ban ruwa. Dabarar tana da ban sha'awa. Idan dusar ƙanƙarar da ke kan tsauni ta fara narkewa bayan hunturu, ba a barin ruwan ya kwarara gaba ɗaya cikin kogi ya tafi teku. Ana tare shi tun daga can sama, a janyo shi ta magudanai zuwa wasu wurare da aka san ƙasarsu tana shan ruwa, a sake shi ya nutse. Bayan makonni ko watanni sai ya ɓulɓulo a maɓuɓɓugan ƙasa, daidai lokacin zafi da fari, lokacin da gona ta fi bukatarsa. Wato dutsen kansa aka mayar randa. Duk wanda ya taɓa noman rani ya san darajar ruwan da ya zo a kan kari. Manoman kowace magudana suna da ƙungiyarsu, suna raba ruwa bi da bi, kuma sukan fito gayya su yashe ta kafin lokacin ban ruwa. Da wannan ruwa ne gonakin da aka yanka hawa-hawa kamar matakala suke ba da zaitun da lemu a ƙasa, ɓaure da almon a tsakiya, da manyan itatuwan kastaniya a sama. Mai hawa yana ratsa waɗannan duka a safiya ɗaya.

Gidajen ma Bahaushe zai ji kamar ya san su. Rufinsu shimfiɗaɗɗe ne irin na soro: a jera itace kamar azara, a ɗora faffaɗan dutse, sannan a dandaƙe wata ƙasa mai ruwan toka da suke kira launa, wadda ba ta barin ruwa ya ratsa. Irin wannan gini ya fi kama da na ƙauyukan Barbar a tsaunukan Maroko fiye da na sauran Sifaniya. Lungunan ƙanana ne, wasu an rufe samansu da ɗaki ya zama kamar zaure, kuma da yawa suna da tsayin da dole a sauka a tura keke.

Wannan kamanni ba a banza yake ba. Lokacin da Granada, daular Musulmi ta ƙarshe a Sifaniya, ta miƙa wuya a ranar 2 ga Janairun 1492, an ba sarkinta Muhammad na 12, wanda Turawa ke kira Boabdil, ƙasa a Alpujarra. Ya zauna a Laujar de Andarax kafin ya tsallaka Maroko a 1493. Talakawa suka zauna a ƙauyukansu, suna noma da kiwon tsutsar siliki, sana'ar da yankin ya shahara da ita. Daga baya aka tilasta musu shiga Kiristanci, a 1567 kuma Sarki Filibus na 2 ya haramta musu Larabci da tufafinsu da al'adunsu. A ƙarshen 1568 suka yi tawaye ƙarƙashin Aben Humeya, mutumin Valor. Yaƙin ya yi muni, an zubar da jini ta kowane ɓangare, kuma zuwa 1571 an murƙushe tawayen. Aka kwashe kusan mutum dubu 80 daga tsohuwar daular Granada aka warwatsa su cikin ƙasa, aka kawo baƙi daga wasu yankuna suka gaje gidaje da gonaki. Mutanen sun tafi, amma sunaye sun tsaya. Tsauni mafi tsayi a doron Sifaniya ban da tsibiranta, Mulhacen, mai mita 3,479, yana ɗauke da sunan Maulaya Abul Hasan, mahaifin Boabdil. Gundumar da Pitres take ciki har yau sunanta La Taha, daga kalmar Larabci da daular Granada ke kiran gundumominta. Wanda ya san wannan tarihi ba zai ratsa ƙauyukan nan da irin idon da ɗan yawon buɗe ido ke kallonsu ba.

Game da lokaci, Afrilu zuwa Yuni da kuma Satumba zuwa Oktoba sun fi. A Yuli da Agusta kwari yana ɗaukar zafi ƙwarai, sai dai a fita da asuba a gama kafin azahar. A Fabrairu itatuwan almon suna fure, wurin ya yi kyau, amma sama akwai sanyi da ƙanƙara. Kada zafin Orgiva ya ruɗi mutum. Kowane hawan mita dubu yana rage zafi da kimanin digiri shida, kuma wanda ya jiƙe da gumi sannan ya kama gangarar rabin awa, iska za ta shiga ƙashinsa. Riga mai tare iska dole ce a aljihu.

Keken ya zama mai giya masu sauƙi sosai, da birki lafiyayye, domin gangara ta fi hawa haɗari: kwanonin suna da kaifi, wani lokaci akwai tsakuwa ko garken awaki a bayansu. A tafi da famfo da kayan faci, don masu gyara ba su da yawa. Ana tuƙi a hannun dama kamar a Najeriya da Nijar. Doka ta wajabta hular kwano a hanyoyin wajen gari, ta hana sa abin sauraro a kunne, ta kuma umarci direba ya bar aƙalla mita ɗaya da rabi tsakaninsa da mai keke idan zai wuce. Lambar neman agaji 112. Kusan kowane ƙauye yana da famfon ruwa a dandali. Inda aka rubuta no potable, ba na sha ba ne.

Sai maganar abinci, wadda Musulmi ya kamata ya shirya mata. Trevelez ta yi suna ne da busar da cinyar alade a iskar tsauni, kuma abincin da ya fi shahara a yankin, plato alpujarreño, dankali ne da ƙwai tare da naman alade iri-iri. Har miya da wake akan jefa musu shi. A koyi faɗin sin cerdo, wato ban da alade, kuma a riƙa tambaya kafin a ci. Ƙwai da dankali, kifi, cukun akuya, zuma, ɓaure da almon suna nan ko'ina. Akwai 'yar al'ummar Musulmi a Orgiva, a Granada kuma akwai babban masallaci a unguwar Albaicin da aka buɗe a 2003, yana fuskantar fadar Alhambra. Abincin rana ba ya fara fitowa sai wajen ƙarfe biyu, shaguna da yawa suna rufewa daga nan har wajen biyar, na dare kuma sai takwas da rabi ko tara. Wanda ya shiga ƙaramin ƙauye da la'asar da yunwa yana iya tarar da komai a kulle, saboda haka dabino ko ayaba a aljihun riga ba ƙaramin guzuri ba ne.

Masu son gwada iyakar ƙarfinsu suna da hanya guda a ɗaya gefen tsaunin. Daga birnin Granada titi yana hawa sama da kilomita 40 zuwa ƙololuwar Veleta, mai kusan mita 3,400, kuma shi ne titin kwalta mafi tsayi a Turai. A wajen mita 2,500 akwai shinge da ke tsayar da motoci, keke kuwa yana wucewa. Daga nan kwaltar tana lalacewa, iska tana yin ƙaranci, numfashi yana nauyi, kuma dusar ƙanƙara tana toshe hanyar mafi yawan watannin shekara. Sai tsakiyar lokacin zafi take buɗewa har sama.