Fenti Ba Ya Kashe Tsatsa: Jan Hankali ga Masu Gyaran Jikin Tsohuwar Mota a Gida

Duk wanda ya tsaya a tashar Magarya ko ta Dungas ranar kasuwa zai ga motocin da suka girmi direbobinsu. Ga Peugeot 504 mai dogon baya, ga a-kori-kura, ga Hilux da Land Cruiser da Hiace waɗanda suka sha hanyar Bande da Wacha da Malawa da Dogo-Dogo har suka gode Allah. Su ke kai gero da riɗi da rake kasuwa, su ke sauke tumaki da awaki a Maigatari ranar Alhamis, su ake bugawa ƙofa cikin dare idan naƙuda ta yi gardama. Ita 504 a Faransa aka fito da ita a 1968, kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta ci gaba da haɗa ta shekaru masu yawa bayan Faransawa sun daina. Shi ya sa kayan gyaranta ba su taɓa yin nisa da wannan yanki ba, kuma da wuya ka sami bakaniken da bai san cikinta ba. Inji ya buga a tashe shi, giya ta lalace a sauya. Abin da ke kai waɗannan motoci hannun 'yan gwangwan a ƙarshe jiki ne, mai cin jikin kuwa tsatsa ce.

Wani zai ce ina tsatsa a ƙasar da rana ke gasa ƙarfe wata takwas a shekara? Ai ƙarfe danshi da iska kawai yake nema ya fara ruɓewa, kuma gundumomin Magarya da Dungas suna cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a jihar Damagaram. Motar da ta ratsa fadamun Korama da damina takan kwaso taɓo ta cusa shi a bayan tayoyi da lungunan shasi. Bayan ya bushe daga waje, cikinsa na riƙe da laima har kaka. A ƙasan kowace ƙofar mota akwai ƙananan ramuka da aka yi domin ruwan da ya bi gilashi ya fita. Ƙurar hunturu ce ke toshe su, sai ruwa ya kwanta a cikin ƙofa ba wanda ya sani. Haka ma robar da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin ƙafafun fasinja, samanta a bushe, ƙasanta a jiƙe.

Sai kuma lodin da muke yi. Fitsarin dabbobi da kashinsu, buhunan gishiri, takin zamani da ya zube a bayan a-kori-kura, ruwan batir da ke ɗiga a mazauninsa, duk suna ninka saurin cin ƙarfe. Motocin da ake kira 'yan Kwatano kuwa, da waɗanda ke shigowa ta Lome, da yawansu da ciwonsu suke zuwa. A ƙasashen Turai masu ƙanƙara gishiri ake watsawa a kan tituna da sanyi, kuma wannan gishiri yana nan maƙale a ƙarƙashin motar tun kafin ta hau jirgin ruwa.

Tsatsa ta fi ƙarfen da ta cinye girma, shi ya sa take kumbura fenti. Idan ka ga ƙuraje sun taso a dokin ƙofa ko gefen gilashin gaba, to ɓarnar ta daɗe da farawa daga ciki, abin da ido ya gani ƙarshenta ne. Kafin ka sayi ko gwangwani ɗaya na fenti, wanke motar sama da ƙasa, ka bar ta ta bushe sosai, ka ɗauki sukundireba da ƙaramar guduma ka bi ta lungu-lungu. Inda ja ne kawai a sama, ƙarfe na amsa guduma da ƙara mai kyau, wannan aikin gida ne. Inda ƙarfe ke ɓarewa falle-falle, ya yi rami-rami amma bai huje ba, shi ma mai haƙuri zai iya. Inda sukundireba ta shige kuwa, babu sauran ƙarfe a wurin, kuma babu wani magani a kasuwa da zai dawo da shi. Yankewa ake yi a sa sabo.

A nan ne mutane da yawa ke cutar kansu. Sai a cusa takarda ko ragar sauro ko tsumma a ramin, a lafta mastik mai kauri, a goge, a fesa fenti. Mako guda mota na sheƙi, 'yan tasha na ta sam barka. Yaɓe ne aka yi wa bangon da gara ta cinye. Mastik yana shan laima, kuma ramin da aka bari ta baya yana ci gaba da shayar da shi. Kafin damina ta zagayo ya tsage, ya faɗo da fentinsa, ramin ya ninka. An yi mastik ne domin daidaita 'yar lanƙwasa a kan ƙarfe mai lafiya, kuma idan kaurinsa ya wuce kamar milimita 3, aikin guduma ne aka gudu.

Gyaran gaskiya ba shi da wani sirri, sai dai yana cin lokaci. A kankare wurin da burushin waya da sanfefa mai kaushi, lamba 80, har sai farin ƙarfe ya bayyana, a kuma wuce iyakar tsatsar da kamar yatsa biyu ta kowane gefe. Akwai ruwan kashe tsatsa da ake sayarwa, mai asid na fosforik, wanda ke mayar da ragowar jan da ke cikin ƙananan ramuka baƙi. Yana da amfani bayan kankara, amma ba ya maye gurbinta. Kada a bar farin ƙarfe ya kwana tsirara: a ranar a share shi daga maiƙo, a shafa masa fentin fari na kariya daga tsatsa. Daga nan sai siririn mastik idan da buƙata, a bi da sanfefa mai laushi, 180 sannan 320 ko 400, kafin fentin ƙarshe. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, da sassafe kafin iska ta tashi, a yayyafa ruwa a ƙasa domin ƙura ta kwanta.

Idan faci za a yi, a nemo ƙarfe mai kaurin na motar, wanda ba ya wuce kusan milimita 1. Rufi ko ƙofar wata matacciyar mota ya fi komai dacewa. A riƙa ɗiga walda kaɗan-kaɗan ana tsallakawa, domin zafi mai yawa a wuri ɗaya yana murɗe ƙarfe. Abin da aka fi mantawa shi ne bayan facin. Wuta ta ƙone fentin da ke can, kuma daga can tsatsa za ta dawo idan ba a shafe shi ba. Na san al'adar watsa baƙin mai a ƙarƙashin mota, kuma ba zan ce ba ta tare ruwa ba. Amma tana lalata robobi, tana tara rairayi, tana cutar da fata, kuma a wuraren da ruwan rijiya ke kusa kamar fadamun Korama, abin da ya tsiyaye ƙasa ba ya nisa da abin da za a sha. Giris da aka shafa da hannu a inda ake buƙata ya fi.

Akwai wuraren da bai kamata mai koyo ya taɓa ba ko da yana da injin walda. Hilux da Land Cruiser suna zaune ne a kan shasi mai zaman kansa. 504 ta fasinja kuwa, jikinta shi ne ƙashin bayanta: dokin ƙofa, ginshiƙan da ke tsakanin ƙofofi, daɓen ƙasa da mazaunin shokozoba na gaba su ke ɗauke da nauyi. Idan waɗannan suka ruɓe, ko inda sifirin ke kama shasi, ko inda aka ɗaure bel da kujeru, motar na iya tafiya lafiya lau har ranar da ta faɗa rami da lodi a hanyar Damagaram, ko ta yi karo. A ranar ne jiki ke naɗewa a kan mutanen da ke ciki. A duba bututun birki da na mai su ma, domin siraran ƙarfe ne, kuma birkin da bututunsa ya huje ba ya sallama kafin ya tafi. Irin wannan aiki na ƙwararren fanel-bita ne, kuma idan ya ce shasin ya gama, a yarda da shi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a gyaran gida shi ne gidan kansa. Tartsatsin walda da na injin gurza yana iya tashi har mita 10, gidajenmu kuwa ga dangar kara, ga zana, ga rumbu, ga harawar dabbobi a kan rumfa, sau da yawa ga jarkar fetur a ɗaki. Da iskar hunturu, kafin a kawo bokitin farko an yi asarar abincin shekara, watakila har da na maƙwabta. A fitar da mota fili, a ajiye ruwa da yashi kusa, a cire kan batir, a cire kujeru da robobi da duk abin da ke bayan wurin da za a ƙona, a sa mutum ɗaya aikinsa kawai kallon wuta. Tankin mai kuwa a sauke shi a kai shi nesa. Kada wanda ya ruɗe ka da cewa ai babu mai a ciki: tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari, domin tururin fetur da ya gauraya da iska shi ne ke fashewa. Tukunyar kabaid ta masu waldar gas ita ma ba abin wasa ba ce. Iskar asitilin da take fitarwa tana kamawa da ɗan tartsatsi, kuma wuta na iya bin tiyo ta koma cikin tukunyar. Wanda bai koya a hannun mai sana'a ba kada ya fara a tsakar gidansa. Kada kuma a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A ƙasarmu mai rairayi jak nutsewa yake yi. A tokare da manyan gungumen itace, ba bulon siminti mai farfashewa ba.

Wata cutar ba ta da ƙara balle hayaƙi. Tsofaffin fentin mota, musamman ja da rawaya da ruwan lemo, da yawansu akwai dalma a ciki. Idan aka goge su a bushe, ƙurar na sauka a kan tabarma da kwanukan abinci da ƙasar da yara ke rarrafe. Mun ga abin da ƙurar dalma ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Ƙurar fentin mota ɗaya ba ta kai wannan yawa ba, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma da ba ya cutar da yaro, kuma ɓarnar da take yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. A riƙa jiƙa sanfefa da ruwa, a nisanta yara da masu juna biyu, a tuɓe kayan aiki a waje, a wanke hannu da sabulu kafin a kai loma baki.

Fentin zamani da ake haɗawa da ruwan da ke sa shi ƙarfi yana ɗauke da sinadarin aisosayanet, mai haddasa asma wadda kan zauna wa mutum har ƙarshen rayuwa. Rawani ko ƙyallen da aka ɗaura a hanci ba ya tare shi, ba ya tare tururin tina. Gwangwanin madarar da masu fenti ke sha bayan aiki kuma ciki yake zuwa, guba kuwa huhu ta shiga; abinci ne mai kyau, amma ba magani ba ne. Wanda ya yi faci da kwanon rufi ya shaƙi farin hayaƙinsa, zazzaɓi da ciwon jiki na iya kama shi da dare ya ɗauka na sauro ne, alhali zinkin da aka lulluɓe kwanon da shi ne. Hasken walda yana ƙona ido, kuma zafin ba ya tasowa sai bayan sa'o'i, har ga yaron da ya tsaya kallo daga gefe. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya kare wannan. Idan ɓurɓushin ƙarfe ya shiga ido, kada a nemi mai cirewa da tsinke ko harshe, a tafi asibiti a ranar. Yankan tsohon ƙarfe a wurin da dabbobi ke kwana kuma yana buƙatar wanki da sabulu da allurar tetanus, domin ƙwayar cutar a cikin ƙasa da kashin dabbobi take.

Saura mai saye da mai sayarwa. Malamanmu sun yi bayani cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma a fikihun Malikiyya mai saye na da damar mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa. Wanda ya rufe rami da mastik don ya sayar, ya san motar mutane za ta ɗauka. Kai kuma mai saye, sabon fenti a kan tsohuwar mota dalilin ƙara bincike ne. Tafi da maganaɗisu, ko na tsohuwar lasifikar rediyo ne, ka naɗe shi a ƙyalle ka bi ƙasan ƙofofi da gefen tayoyi. Inda ya ƙi kamawa, mastik ne. Ɗaga robar ƙasa, fitar da tayar safaya ka leƙa mazauninta, ka kwanta da tocila ka duba shasi da rana tsaka. Ka nemo lambar shasi da aka buga a jikin ƙarfe ka gwada ta da wadda ke cikin takardun mota. Mai gyara ma ya kiyaye wannan wuri: idan tsatsa ta kusa cin lambar, a je wa hukuma kafin a yanke ko a yi walda a kanta, domin motar da lambarta ta ɓace ko ta nuna alamar taɓi tana iya kwana a hannun jandarma ko 'yan duwan a Tinkim, ko da mai ita da kuɗinsa ya saya.