Sanyi, Basir da Jijiya: Zama da Ciwon Baya da na Wuya a Gwandu da Kalgo

Gabatarwa

Ciwon baya yana cikin lalurorin da Bahaushe bai cika kai su gaban likita ba, domin ba ya kayar da mutum rana ɗaya kamar masassara, ba ya kuma zuwa da jini ko kumburin da ido zai gani. Zama yake yi da mutum shekara da shekaru, yana zaftare masa kwanakin aiki kaɗan-kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙugu a shekarar 2020, ana kuma hasashen adadin zai kai miliyan 843 a 2050, kuma babu lalurar da ta fi shi nakasa mutane a duniya. Wannan maƙala ta dubi yadda ake zama da wannan ciwo, da ɗan'uwansa na wuya, a ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo na Jihar Kebbi. Abin da take son nunawa shi ne, sunan da aka raɗa wa ciwon shi ke zaɓa wa mai shi magani, don haka manazarcin harshe da al'ada yana da ta cewa a nan kamar yadda likita yake da ita.

Aikin da Baya ke Yi

Kalgo tana bakin fadamar Gulbin Rima, ƙasar shinkafa. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Kebbi cikin Nuwamban 2015, noman rani ya ƙara yaɗuwa, ranin da a da wasu ke ɗan sararawa ya koma lokacin dashe da ban ruwa. Mai dashe yakan wuni a duƙe cikin taɓo, mai yanka da lauje haka, sai bugu, sai ɗaukar buhu zuwa bakin hanya. A Gwandu kuwa noman gero da dawa ne da hauya mai gajeriyar ƙota, ga lambunan albasa irin na maƙwabciyarta Aliero, inda cire ciyawa aikin tsuguno ne. Mata suna da nasu rabon: daka, surfe, gumin shinkafa, wanki a duƙe, goyo a baya. Jarkar ruwa mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne, kuma a kan ƙasusuwa bakwai na wuya take sauka, gammo ko babu gammo. An samu sababbin shiga, wato ɗan kabu-kabu da ke shan gargada tun safe, da ɗalibai da ma'aikatan Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, waɗanda ke sunkuye a kan waya da kwamfuta.

Sunayen Ciwon

Nazarin maganin Bahaushe ba sabo ba ne. Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a Gwandu a 1829, ya haɗa maslahar addini da ta jiki a littafinsa Masalihul Insan. A zamaninmu akwai aikin Lewis Wall na 1988 da ayyukan Aliyu Muhammad Bunza. Sai dai ciwon baya bai sami gurbi nasa na kansa ba a rabe-raben cututtuka na gargajiya. Alama ake ɗaukarsa, ta wata cuta da ke ɓoye, kuma sunaye uku ne suka fi yawo.

Na farko sanyi. A tunanin Bahaushe sanyi abu ne mai shiga jiki ya kwanta a ƙashi da gaɓoɓi, ya motsa da damina ko hunturu. Manomin fadama da ya wuni cikin ruwa ba ya bukatar wata hujja, ya ga ta inda sanyin ya shiga. Maganin sanyi zafi ne, shi ya sa ake gashi da ruwan ɗumi ko tsumma mai zafi, a shafa man kaɗe ko man zafi, a yi tausa.

Na biyu basir, kuma shi ne ya fi cin kasuwa. Duk wanda ya tsaya kusa da motar mai magani ranar kasuwa zai ji lasifika na jero alamominsa: ciwon baya, kasala, kumburin ciki, raunin mazakuta. Basir ɗin da likita ya sani kumburin hanyoyin jini ne a dubura, kuma ba ya sa ciwon baya na shekaru. Basir ɗin kasuwa kuwa rumbu ne da ake zuba duk wata damuwar magidanci a ciki. Tunda an ce dattin ciki ne, maganinsa wankin ciki, sai mutum ya yi ta shan jiƙo da tsimi mai sa zawo, bayan yana nan yadda yake.

Na uku jijiya, kalmar da ta cancanci nazari na musamman. Da ita Hausa ke kiran hanyar jini, da ita take kiran igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi, da ita kuma take kiran zaren da ke kai saƙo daga laka zuwa gaɓoɓi. Idan likita ya ce wa manomi jijiya ce ta danne, yana nufin ta ukun, wadda ke sa zogi ya sauko daga ƙugu zuwa ƙafa. Manomin kuwa yana iya fahimtar cewa jini ne ya taru, ya zarce wurin wanzami a yi masa ƙaho. Kowannensu Hausa ya yi, amma ba magana ɗaya suka yi ba.

Abin da Likitanci ya Tabbatar

Ana kiran ciwo daɗaɗɗe idan ya wuce wata uku. Kusan kashi 90 cikin 100 na ciwon ƙugu ba a iya danganta shi da wata cuta ko wani rauni takamaimai. Wannan ne ya sa hoton ƙashi ba ya cika warware matsala, domin zaizayar da ake gani a hoto akan same ta har a bayan mutanen da ba sa jin ciwon komai. A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan daɗaɗɗen ciwon ƙugu. Ta goyi bayan wayar da kan majinyaci, da atisaye mai tsari, da tausa, da kula da damuwar zuciya, da magungunan rage kumburi irin su ibuprofen. Ta hana ɗaura ɗamarar ƙugu, da jan baya da na'ura, da ƙwayoyi dangin tramadol.

Idan aka aza wannan a kan sunayen nan uku, za a ga wanda ya kira ciwonsa sanyi ya fi kusa da dacewa, ko da bayaninsa bai yi daidai da na likita ba. Tausa tana cikin abin da aka yarda da shi, ɗumi kuma yana sassauta tsoka. Ba banza ba Hausawa suka kira sashen fisiyo na asibiti wurin gashin ƙashi. Ƙaho yana iya kawo sauƙi na ɗan lokaci, amma askar da ta zaga jikin mutane tana ɗaukar ciwon hanta. Maɗoran Aliero sun yi suna a kan karaya da targaɗe, sai dai daɗaɗɗen ciwon baya ba karaya ba ne, babu abin da za a ɗora.

Abin da ya fi jiƙo haɗari shi ne haɗin ƙwayoyi da ake ƙullawa a leda a kemis ko a tiren ɗan talla, a sha kafin a tafi gona. Diclofenac da danginsa, idan aka ɗore da su wata da watanni, suna cin ciki su taɓa ƙoda. Tramadol kuwa yana ɓoye gajiya, mutum ya yi aikin da ya fi ƙarfinsa, daga baya ya kasa fita sai da shi.

Shawarar da ta Dace da Mai Hauya

Kalmar motsa jiki da ake ji a rediyo an ɗinka ta ne don ma'aikacin ofis. Wanda ya wuni yana dashe, idan aka ce masa ya motsa jiki, dariya zai yi, kuma yana da gaskiya. Abin da yake bukata shi ne sauya tsayuwa: ya riƙa miƙewa a kai a kai tun kafin bayan ya ƙage, ya dafa ƙugu ya ɗan gantsare, ya cakuɗa aikin duƙe da na tsaye. Wajen ɗaukar kaya a matso da shi jikin mutum, a guji murɗa ƙugu da kaya a hannu, buhun da ya fi ƙarfin mutum ɗaya a kama shi biyu. Jarka biyu ƙanana sun fi babba ɗaya sauƙi ga wuyan yarinya, ko da za a ƙara sawu. Mai wanki ta ɗora bahon a kan turmi ko benci. Ɗalibi ya ɗago wayar zuwa ido, ya tashi ya taka tsakanin karatu, matashin kai kuma kada ya yi tudun da zai karya wuya.

Ranar da ciwon ya motsa, al'ada takan ce a kwanta har a warke. Kwana ɗaya ko biyu na rage aiki babu laifi, amma doguwar kwanciya tana sa tsoka ta saki, ciwon ya daɗe. Tafiya a ƙasa, gwargwadon iko, ta fi tabarma. A nan ma lafazi yana aiki: wanda aka ce wa bayansa ya lalace ko ƙashinsa ya goce yakan ji tsoron duƙawa, tsoron kuma ya ƙara masa ciwo. Cewa bayan ya gaji ko ya ƙage ya fi kusa da gaskiya a mafi yawan lokuta.

Akwai alamomin da ba a yi musu gashi ko jira. Raunin ƙafa mai ƙaruwa, mutuwar fata tsakanin cinyoyi, kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ciwon da ya biyo faɗuwa daga itace ko babur, duk na gaggawa ne. Ciwon baya tare da rama da zufar dare yana iya zama tarin fuka da ya kama ƙashin baya, wanda ke barin mutum da ƙusumbi, alhali yana jin magani idan an fara da wuri. Wuyan da ya sanƙare tare da zazzaɓi da ciwon kai kuwa sanƙarau ake tuhuma, cutar da ta yi kisa a Gwandu da Jega da Aliero cikin Maris ɗin 2025. Mai irin waɗannan alamomi asibiti mafi kusa za a nufa da shi a ranar, daga nan a tura shi babban asibitin Kalgo, ko na Sir Yahaya, ko na Tarayya da ke Birnin Kebbi.