Kafin Ma'aikata Su Ajiye Kayan Aiki

Ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta a kan masu haƙar kwal a Iva Valley da ke Inugu, suka kashe mutum 21. Asalin rigimar kuɗi ne da ma'aikatan suka yi imani an danne musu, sai suka shiga jan ƙafa a bakin aiki. Maimakon a zauna da su, sai aka sallami wasu, aka kuma turo 'yan sanda su kwashe nakiyoyin fasa dutse, wai kada ma'aikata su yi ɓarna da su. Maganar da za a iya kashewa a ofis, sai ta ƙare a maƙabarta.

Ruwa ba ya tsami banza. Kafin ka ji ƙungiyar ƙwadago ta ba da wa'adi, an daɗe ana gunaguni a ƙasa: albashi ya wuce ƙarshen wata babu wanda ya ce uffan, an cire kuɗin fansho daga albashi amma ba su shiga asusu ba, injin ya datse wa wani yatsa an bar shi da kuɗin asibiti. Sau da yawa ba rashin kuɗin ne ke tunzura ma'aikaci ba, shirun ne. Manajan da ya tara mutanensa ya ce ciniki ya faɗi, ga lissafi, ranar kaza za a biya, zai samu haƙuri.

Saɓa alkawari ya fi komai muni. Wata takwas ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi tana yajin aiki a 2022, kuma tushen takaddamar yarjejeniya ce ta 2009 da ƙungiyar ta ce gwamnati ba ta cika ba.

Dokar sasanta rikicin ƙwadago ta 1976 ta shimfiɗa matakai a Najeriya: mai shiga tsakani, Ma'aikatar Ƙwadago, kwamitin sulhu, sannan Kotun Ma'aikata. Ita ce kuma ta ce ba aiki, ba albashi. Sai dai kotu hukunci take yankewa, ba ta gyara zuciya.

Su ma shugabannin ƙungiya da nasu laifin, musamman masu shiga ɗakin sulhu su fito ba su gaya wa mambobi abin da aka tattauna ba.

Don haka masu masana'antu, ku sa ranar zama da wakilan ma'aikata duk wata, ko da rigima ko babu, kuma kada ku sa hannu a kan abin da kuka san ba za ku iya biya ba.